Lambar Da Na Tsinto A Gidajen Dara: 1,073,741,823

Yau wata lamba na kawo muku mai alƙaluma goma: 1,073,741,823. Da baki ana karanta ta kamar haka: biliyan ɗaya da miliyan saba'in da uku da dubu ɗari bakwai da arba'in da ɗaya da ɗari takwas da ashirin da uku. Na san wasunku da ganinta sun fara neman juya shafi. Ku ɗan dakata. Ni ma lokacin da nake aji biyar na sakandare, da zarar lamba ta wuce alƙaluma huɗu sai gabana ya faɗi. Daga baya na gane cewa babbar lamba kamar ƙullin kaya ce, in ka san inda aka ɗaure, warwarewa ba wuya. Wannan lambar kuwa da abin da aka koya muku a aji za mu warware ta, kuma a cikinta akwai darasin da zai iya tsare muku kuɗin makaranta.

Yadda kaka ya kusa cin bashin tirela

A hutun da ya wuce ina gida Maiyama, bayan sallar la'asar, na tarar da kakana a gindin dogon yaro yana jiran abokin dara. Darar da suke yi gida talatin ce, layi biyar, kowane layi gida shida. Da ya hango ni sai ya ce, "Kai ɗan boko, zo in koya ma hankali."

Na zauna na ce, "Kaka, in na cinye ka, mene ne tukuicina?"

Ya ce in faɗi duk abin da nake so. Na ce shinkafa nake so, amma da sharaɗi: ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, haka za a yi ta ninkawa har gida na talatin.

Tsoho ya yi dariya har da buga ƙafa. "Wanga yaro, ashe yunwa kaka ji. Ko ba ka ci ni ba, je ka gaya ma kakarka ta auna ma kwano guda."

Kada in ja ku da nisa, cikin ɗan lokaci ya cinye ni sau uku a jere, tukuici ya sha ruwa. Amma da muka tashi sai ya tsare ni, wai in gaya masa ƙwaya nawa ke nan da na yi nasara. Na tsuguna na fara rubutu a ƙasa.

Layin farko: 1, 2, 4, 8, 16, 32. Jimilla 63, ko ƙaramin cokali ba su cika ba. A ƙarshen layi na biyu jimilla ta kai 4,095. A ƙarshen na uku 262,143. A ƙarshen na huɗu 16,777,215. A ƙarshen na biyar kuwa 1,073,741,823. Gida na talatin shi kaɗai yana ɗauke da ƙwaya 536,870,912.

Wannan dabara ba ni na ƙirƙiro ta ba. Tsohon labari ne da ake bayarwa a kan wasan shaɗaranji, wanda aka fi sani da ces a yau, mai gida 64. Malamin tarihin nan Ibn Khallikan ya kawo shi a littafinsa a ƙarni na 13, inda wanda ya ƙago wasan ya roƙi sarki hatsi ta wannan hanya. A can jimillar ta kai 18,446,744,073,709,551,615. Ni dai na mayar da labarin kan darar gidanmu ne kawai.

Yaya girmanta yake?

Kaka bai damu da biliyan ba, buhu ya sani. Saboda haka sai na ce mu ƙaddara ƙwaya dubu ta shinkafa tana da nauyin giram 25. A wannan awo, layi biyu na farko giram ɗari ne da 'yan kai, bai cika gwangwanin madara ba. Layi uku kilo shida da rabi. Layi huɗu kilo 419, wato buhu takwas da ɗoriya na mai kilo hamsin. Layi biyar kuwa kilo 26,844, kimanin buhu 537. Tirela tana ɗaukar buhu 600. Da jin haka kaka ya riƙe baki ya ce, "Allah Ya tsare ni da ban faɗi ba."

A hanyata ta komawa makaranta Aliero dole in ratsa Jega, inda ake canza mota. Jega tsohuwar kasuwa ce, tun ƙarni na 19 fatake ke sauke kaya a cikinta, lokacin da wuri ne kuɗi. Kakanninmu ba su ji tsoron manyan lambobi ba, sun yi musu mazubi ne. Wuri 20,000 shi ne keso ɗaya. Da lambarmu wuri ce, da ta ba da keso 53,687, saura wuri 1,823 a hannu. Ku duba yadda alƙaluma goma suka koma abin da ɗan kasuwa zai iya riƙewa a ka.

Ga wani awon kuma. In za ka ƙirga ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace daƙiƙa ƙwaya guda, ba barci ba cin abinci, miliyan ɗaya za ta ɗauke ka kwana goma sha ɗaya da rabi. Kafin ka gama duka kuwa sai ka shekara 34. Wannan shi ne bambancin miliyan da biliyan, kalmomi biyu da muke ji a rediyo kamar 'yan gida ɗaya.

Sirrin farko: kowane gida ya fi duk na bayansa

Ba sai kun haɗa lambobi talatin kafin ku sami jimilla ba. Ku lura da wannan. Gida uku na farko: 1 + 2 + 4 = 7, gida na huɗu kuwa 8. Gida huɗu na farko sun ba da 15, na biyar 16. Gida biyar sun ba da 31, na shida 32. Kullum sabon gida yana fin duk gidajen da suka gabace shi, in an haɗa su, da ƙwaya ɗaya tak.

Dalilin ba wuya. Ka ce abin da ke baya ya gaza sabon gida da ɗaya. In ka haɗa su biyun, za ka sami ninki biyu na sabon gidan ba ɗaya. Ninki biyun nan kuwa shi ne gida na gaba. Saboda haka ratar ƙwaya ɗayar nan ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, har abada.

Ke nan jimillar gida talatin ita ce abin da zai shiga gida na 31, a ɗebe ɗaya. Abin da zai shiga gida na 31 shi ne biyu sau biyu sau biyu har guda talatin, wanda ake rubutawa 2³⁰, wato 1,073,741,824. Lambarmu ita ce 2³⁰ − 1. 'Yan aji biyar za su tuna wannan a darasin G.P., inda ake ba ku ƙa'idar jimilla ku haddace. To ga inda ƙa'idar ta fito. Ku riƙe wannan sirri da kyau, za mu dawo kansa.

Su wa ke raba ta ba saura?

Tambayar farko da masana lissafi ke yi wa kowace lamba ita ce: waɗanne lambobi ne ke raba ta daidai, ba ragowa? Mu fara da gwaje-gwajen da kuka sani tun ƙaramar sakandare.

Ta ƙare da 3, saboda haka mara ce ba cika ba, 2 ba ta raba ta. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ma ba ta raba ta. Mu haɗa alƙalumanta: 1 + 0 + 7 + 3 + 7 + 4 + 1 + 8 + 2 + 3 = 36. Tunda 9 tana raba 36, to 9 tana raba lambar duka, haka ma 3. Gwajin 11 kuwa, a ɗauki alƙalami a tsallake ɗaya: 1 + 7 + 7 + 1 + 2 = 18. Waɗanda aka tsallake: 0 + 3 + 4 + 8 + 3 = 18. Sun zo daidai, ke nan 11 tana raba ta.

Sauran masu raba ta, darar da kanta za ta nuna mana su. Layin farko jimillarsa 63. Layi na biyu ya fara da 64, kuma kowane gida a cikinsa ninki 64 ne na takwaransa a layin farko, don haka jimillarsa 64 × 63. Layi na uku 4,096 × 63. Kowane layi 63 ce aka ninka. Ke nan 63 tana raba jimillar duka. Tunda 63 = 9 × 7, mun samu 7 ba tare da wahalar raba alƙaluma goma ba.

Yanzu mu sake jera gidajen biyar-biyar maimakon shida-shida. Rukunin farko 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31, kuma da hujjar da ta gabata 31 tana raba ta. In aka jera su goma-goma, rukunin farko 1,023 ne, wato 3 × 11 × 31. Ga 11 ɗinmu ta sake fitowa. In aka raba gidajen gida biyu, sha biyar-sha biyar, rukunin farko 32,767 ne, wato 7 × 31 × 151. Mun samu 151.

Sai mu yi rabon a hankali. 1,073,741,823 a raba 9, ya ba da 119,304,647. A raba 7, ya ba da 17,043,521. A raba 11, ya ba da 1,549,411. A raba 31, ya ba da 49,981. A raba 151, ya ba da 331. Ita 331 babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan su ne malamin lissafi ke kira firam namba, ni kuwa ina ce musu gagara-rabo. Ga ƙullin a warware:

1,073,741,823 = 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331

Daga nan za mu iya sanin yawan duk lambobin da ke raba ta. Duk mai raba ta an gina shi ne da waɗannan tubalan. A wajen 3 kana da zaɓi uku: kada ka ɗauka, ka ɗauki ɗaya, ko ka ɗauki biyu. A wajen sauran biyar ɗin zaɓi biyu-biyu ne: ka ɗauka ko ka bari. 3 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 = 96. Lambobi 96 ne ke raba ta, har da 1 da ita kanta. Ke nan da na ci tukuicin, zan iya raba shi daidai tsakanin mutum 7, ko 21, ko 99, ba a bar ƙwaya ko ɗaya ba, amma tsakanin mutum biyu sai an yi gardama a kan ƙwaya guda.

Tana cikin aljihunku

Da na isa Aliero na ba wani abokina mai karanta ilimin kwamfuta wannan labari, sai ya ce ai su kullum da ita suke kwana. Kwamfuta da waya ba su san alƙaluma goma ba, biyu kawai suka sani, 0 da 1, kamar gidan dara da ko dai akwai ɗa a ciki ko babu. A wurinsu matsayin alƙaluma ba ɗaya, goma, ɗari, dubu ba ne. 1, 2, 4, 8, 16 ne, daidai da gidajen shinkafarmu. In aka rubuta 1,073,741,823 a harshen kwamfuta, 1 ce guda talatin a jere, dara cike ba gida ko ɗaya a buɗe.

In kuka ƙara mata ɗaya, ta zama 1,073,741,824, wato 1,024 × 1,024 × 1,024. Wannan shi ne yawan bayit da kwamfutoci da dama ke lissafawa a matsayin 1GB. Kamfanonin da ke ƙera memori kuwa biliyan ɗaya cif suke lissafawa. Shi ya sa za ka sayi memori an rubuta 32GB a jiki, ka sa a kwamfuta ta nuna maka wajen 29.8. Ba mai shago ne ya sace maka ba, mudun awon ne ya bambanta.

In aka ƙara gida ɗaya

Abin da ya sa lambarmu ta rabu da yawa shi ne 30 tana jeruwa biyu-biyu, uku-uku, biyar-biyar, shida-shida, goma-goma da sha biyar-sha biyar. To in gidajen 31 ne fa? Ba yadda za a jera 31 a layuka masu tsawo ɗaya, don ita kanta gagara-rabo ce. Jimillar gida 31 ita ce 2,147,483,647. Shin ita ma gagara-rabo ce?

Kada ku yi saurin cewa e. Gida 11 ma ba sa jeruwa, amma jimillarsu 2,047 ita ce 23 × 89. Dole sai an gwada. Wanda ya tabbatar da amsar shi ne Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, a 1772, lokacin da idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya. Ya nuna cewa 2,147,483,647 babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Ku duba ikon Allah: gida talatin, masu rabo 96, gida talatin da ɗaya, biyu rak. Shekara arba'in kafin wannan, a 1732, wani malami daga ƙasar Hausa, Muhammad al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan jera lambobi a gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Wasa da lambobi a cikin gidaje ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Lambobi irin su 2,147,483,647 ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani Bafaranshe da ya yi nazarinsu a ƙarni na 17. Har gobe ana farautarsu. A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano ta 52 a cikinsu ta hanyar amfani da kwamfutoci masu yawa. Darar da za ta haife ta sai mai gida 136,279,841, kuma lambar tana da alƙaluma 41,024,320. In kana rubuta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa ba hutawa, sai ka wuce shekara ɗaya da wata uku kafin ka kai ƙarshenta.

Inda lissafin ya taɓa aljihu

Yanzu mu koma kan sirrin farko. A zangon karatun da ya wuce wani abokina ya same ni da murna, wai ya shiga wata harka a waya. Za ka zuba dubu biyar, ka kawo mutum biyu, su ma kowa ya kawo biyu, sai a biya ka ninki. Yana so in zama ɗaya daga cikin biyunsa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kwaɗayi, don na ga shaidar kuɗin da aka tura wa wasu. Abin da ya tsayar da ni shi ne da na zana tsarin a takarda sai na ga darar kaka ce sak. Wanda ya kafa harkar shi ne gidan farko. Mutum biyunsa gida na biyu, huɗunsu gida na uku.

Kafin a kai mataki na 28 ana buƙatar mutum 268,435,455, sun fi mutanen Najeriya baki ɗaya, har da jarirai. A mataki na 33 ana buƙatar 8,589,934,591, sun fi mutanen duniya. Ke nan dole harkar ta tsaya, ba makawa. Kuma duk ranar da ta tsaya, 'yan matakin ƙarshe, waɗanda suka zuba ba a biya su ba, sun fi duk waɗanda suka gabace su yawa da mutum ɗaya. Ko a mataki na biyar ta rushe ko a na ashirin, fiye da rabin waɗanda suka shiga asara za su yi. Ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina abin. Shaidar biyan da ake nuna muku kuɗin 'yan baya ne aka miƙa wa 'yan gaba.

Haka yake ga masu alƙawarin ninka kuɗi duk wata. Naira dubu ɗaya, in da gaske tana ninkuwa kowane wata, cikin wata talatin za ta zama naira 1,073,741,824,000, fiye da tiriliyan ɗaya, daga mutum guda. Wace sana'a ce ke haifar da haka? Manomin albasa a Aliero yana shan wahalar ban ruwa watanni kafin ya ga riba, wata shekarar ma farashi ya karye. 'Yan Najeriya sun ga irin wannan da MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, sun sake gani da CBEX a Afrilun 2025. Suna ne ke canzawa, lissafin ɗaya ne.

Abokina ya riga ya zuba, kuma bai tsaya a dubu biyar ba, har da kuɗin rajistarsa ya ƙara. Bayan mako uku aka rufe harkar. Sai da ya sayar da wayarsa kafin ya yi rajista. Abin da ya fi ci masa rai ba wayar ba ce, ƙanensa biyu ne da ya jawo suka zuba kuɗinsu.

Aikin gida

Kafin mako mai zuwa ku gwada wannan. Ku ɗauki jimillar layi biyu na farko, 4,095, gida goma sha biyu ke nan. Ku jera gidajen biyu-biyu, uku-uku, huɗu-huɗu da shida-shida, ku ga waɗanne lambobi ne za su fito. Sannan ku warware ta zuwa gagara-rabo, ku ƙirga yawan masu raba ta, ku kai wa malamin lissafinku ya duba. Akwai gagara-rabo guda ɗaya da jerin ba zai nuna muku ba, sai kun yi rabon da hannu, kamar yadda 331 ta ɓuya mana. In kun same ta, kun yi irin aikin da ake yi a jami'a.

Ni kuma hutu mai zuwa zan sake zama da kaka, ko Allah zai sa in ci ko da wasa ɗaya. Ya riga ya gaya mini cewa wannan karon kwano guda ne tukuici, ba ƙari. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba masu shirin WAEC da NECO sa'a.